Baƙon da Bai Taka Laka Ba

Laifin Dakta Zuhura ɗaya ne a wannan magana, shi ne ta bi ƙa'ida. Da wasiƙar Farfesa Maliki ta iso daga Mali, maimakon ta ninke ta ta jefa a jaka ta ja bakinta ta yi shiru, sai ta ɗauka ta kai ofishin hulɗa da ƙasashen waje, don haka dokar jami'a ta ce a yi.

Lokacin jihar Kebbi ba ta gama tsayuwa da ƙafafunta ba. Jami'ar kuwa jaririya ce, tana zaman aro a wasu azuzuwa cikin Birnin Kebbi, matsuguninta na dindindin yana can bayan gari, fili fetal da ƙatuwar ƙofa. Amma fa tana da kundin manufofi mai bango mai sheƙi. Manufa ta biyu a ciki ita ce ƙulla hulɗa da ƙasashen waje, ta uku gina harabar jami'a. Ƙarshen shekara ya matso, za a kai wa majalisar gudanarwa rahoton inda aka kwana, ga shi a ƙarƙashin manufa ta biyu babu abin nunawa.

Abin da Zuhura take nema ba ya cikin kundin nan ko kaɗan. Ita malamar kimiyyar noma ce. Shekara da shekaru tana bin ƙauyukan fadama tun daga Ambursa har gaba da Argungu, tana roƙon tsofaffi tsabar jar shinkafar nan ta kaka da kakanni, wadda in ruwa ya taso ita ma sai ta taso, ta yi ta miƙa kara tana bin sa, ba ta yarda ya rufe mata kai. Manoma suna ta barin ta suna komawa sabon iri da injin ban ruwa. Abin da Zuhura ta tara yana cikin gwangwanaye a ɗakinta a Gwadangaji, zafin bazara kuwa duk shekara sai ya kashe mata wasu. Cibiyar su Farfesa Maliki tana da rumbun sanyi inda iri ke shekara da shekaru bai mutu ba, kuma sun yarda su karɓi nata su ajiye. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: sai mutuminsu ya zo ya ga shinkafar tsaye cikin ruwa da idonsa, ya rubuta abin da ya gani. Shi ya sa ta shuka kowane iri a gonar Malam Hodi a fadamar Ambursa, shi ya sa kuma Maliki ya zaɓi wannan makon, kafin ruwa ya janye.

Daraktan ofishin, Alhaji Izzuddeen, abokin karatun yayanta ne, mutum mai fara'a da tsabta, wanda bai taɓa kwana da nufin sharri ga kowa ba. Ya karanta wasiƙar, ya sake karantawa, ya ɗaga kai ya yi hamdala.

"Ƙanwata, kin hidda mu kunya. Farfesa guda daga ƙasar waje! Ki bar muna komi, mu za mu ji da shi."

"Ranka ya daɗe, gona zai zo gani. Safiya guda ta ishe mu."

"Za shi gani, za shi gani. Amma baƙo na hwa, ba ɗan ƙwadago ba. Sai an yi mai abin da ya kamata tukun."

Ranar zuwansa aka tura motoci filin jirgin sama na Sakkwato, don a hankalin ofishin nan duk wanda ya fito ƙasar waje daga sama yake saukowa. Shi kuwa bawan Allah ta Yamai ya biyo, ya ƙetaro ta Kamba a motar haya, ya sauka tasha da 'yar jakarsa da dogayen takalman roba rataye a kafaɗa. Zuhura ce ta yi tunanin leƙa tashar, ta same shi zaune a benci yana shan fura. Siririn dattijo ne, ya daɗe yana aiki a Maraɗi, Hausa a bakinsa har da lanƙwasa.

"Dakta, ina gonar? Rana ba ta faɗi ba. Mu tahi?"

Da ta ja motarta ta miƙe Ambursa a lokacin, da wannan labari bai samu ba. Amma tarbiyya ta ce mata ta biya ta ofis ta sanar an ga baƙo, kada mutane su yi ta zaman jira a Sakkwato. Ta biya. Izzuddeen da ya ji a tasha aka tsinci Farfesa, kuma kan benci, sai ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa. Ya kama hannun Maliki da hannu bibbiyu yana ba da haƙuri, ya rantse sai ya wanke wannan abin kunya, ya sa shi a motarsa ya kai shi gidansa na Nasarawa, ya ce ba shi ba kwanan masauki. Zuhura ta tsaya a bakin ofis tana kallon ƙeyar baƙonta ta gilashin baya.

Washegari aka fara da gaisuwa wurin shugaban jami'a. Nan aka fito da farar babbar riga mai aiki har gwiwa, da hula, da farin takalmi, aka zura wa Maliki a gaban kowa ana tafi. Zuhura ta dubi rigar ta san an gama da ita. Wa zai shiga kwale-kwale cikin kyautar shugaba, ranar da aka ba shi?

Daga nan sai matsuguni na dindindin, don baƙo ya shaida manufa ta uku. Ƙofar dai ƙofa ce, ba ƙarya, an yi mata sabon fenti a makon, ga duwatsu farare an jera a gefen hanyar da ba a kai ga zuba wa kwalta ba. Bayan ƙofar kuma sai duwatsun harsashi, kowanne da allonsa. Izzuddeen yana gaba yana nuni da hannu, a nan ɗakin karatu zai tashi, can asibitin koyarwa, can masaukin ɗalibai 'yan ƙasashen waje mai hawa uku. Har suka iso wani dutse da akuya ta haye tana tuƙa. Aka kore ta. A jikin allon an rubuta Cibiyar Adana Iri ta Ƙasa da Ƙasa.

"Wanga na su Dakta na," in ji Izzuddeen da alfahari. "Idan aka ƙare shi, ku ma nan za ku riƙa kawo ajiya."

"Allah shi nuna muna," in ji Maliki. Ya juyo ya dubi Zuhura. "Kafin nan, ina irin yake kwana?"

"Ƙarƙashin gadona, Farfesa."

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce.

Da hantsi ayari ya kama hanyar Argungu, motar 'yan sanda a gaba da jiniya. An sa Zuhura a motar ƙarshe, ita da direba Shadrach da kulolin abinci. Hanyar Argungu kuwa ta Ambursa take bi, kowa ya sani, kuma Izzuddeen ya yi mata alkawari za a tsaya. Tun daga nesa ta hango Malam Hodi tsaye a mararrabar fadama da malfarsa, ya bar kwale-kwale a bakin ruwa tun da safe. Ya ɗaga hannu. Ayari ya wuce shi fuu.

"Shadrach, yi masu fitila! Danna hon!"

"Madam, ko na danna har batir ya mutu ba mai ji. In jiniya tana kuka, hon ɗina kukan sauro ne."

Da aka sauka Argungu ta cim ma Izzuddeen kafin ya shige rumfa.

"Ranka ya daɗe, an wuce."

"Manya na jiranmu tun ɗazu, ƙanwata. A bar dattawa cikin rana don shinkafa? In mun juyo za a tsaya, ki kwantar da hankalinki."

Ba lokacin bikin kamun kifi ba ne, amma an roƙi masunta sun shirya wa baƙo wasa na musamman. Suka faɗa ruwa da gorunansu da homa, makaɗa na kiɗa, suna nutsewa suna fitowa. Sun yi ƙoƙari, ba a raina musu ba. Wani jami'i ya duƙo yana yi wa Maliki bayanin yadda ake kama kifi da hannu, a hankali, kamar mai koya wa yaro alif. Maliki yana gyaɗa kai. Da Zuhura ta zagayo bayan kujerarsa da sunan miƙa masa ruwa, ya ce da ita ƙasa-ƙasa:

"A Mopti aka haife ni, Dakta. Uwata ɗiyar masunta ta. Kafin in iya tafiya na iya wanga."

"To ka ce masu kana son tashi."

"In ce mi? Mutanen ga sun jiƙe don ni."

Bayan wasa sai abinci, bayan abinci sai azahar, bayan azahar sai gidan tarihi, sai jawabai. Kowane mai jawabi ya ce ba zai tsawaita ba. Maliki ya yi ƙarfin hali sau ɗaya, ya raɗa wa Izzuddeen cewa akwai gona. Izzuddeen ya dafa gwiwarsa cikin ƙauna ya ce baƙo ba ya tashi kafin masu masauki su sallame shi, kuma akwai wani babban mutum da ya yanka rago tun jiya, in ba a leƙa ba ya zama cin fuska. Aka leƙa. Aka yi la'asar a can. Da ayari ya sake biyowa ta Ambursa ana kiran magariba, fadama ta zama baƙin zane guda, Malam Hodi kuma ya daɗe da komawa gida.

Saura safiya ɗaya. Da hantsi za a sa hannu kan yarjejeniya, daga nan a raka baƙo Kamba, don jirginsa daga Yamai zai tashi. Zuhura ta ƙudura sace shi za ta yi. Gari na wayewa ta tsaya da motarta a ƙofar gidan Izzuddeen. Sai ta tarar an dawo masallaci da baƙo, an shimfiɗa darduma a zaure, dattawan unguwa sun kewaye shi, ga koko ga ƙosai, liman yana tambayarsa labarin malaman Timbuktu. To, ina macen da za ta kutsa zauren maza da sassafe ta ce wa baƙon maigida taso mu tafi? Digirinta uku, ba wanda ya koya mata wannan. Ta aika a kira shi, aka dawo aka ce mata yana karyawa. Ta hango shi ta ƙofa, shi ma ya hango ta, ya ɗan buɗe tafukansa ya mayar.

Ta ja mota ita kaɗai sai Ambursa.

"Ɗiyata, ina baƙon?" in ji Malam Hodi. "Jiya na ga wucewarku kamar an biyo ku."

"Baba, ana karrama shi."

"Har yanzu? Allah shi ba shi haƙuri."

Ya tuƙa ta cikin gonar. Shinkafa ta fitar da kai, tana kwance luf a kan ruwa tana kaɗawa, kowane iri a yankinsa da sandar alama. Zuhura ba ta taɓa ganin ta yi kyau kamar bana ba, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Ta nuna wa Hodi wuri mafi zurfi. Ya tuɓe riga ya nutsa, ya ciro tushe guda tun daga saiwa. Suka yi ta jan sa cikin kwale-kwale yana zuwa, yana zuwa, ya fi tsawon mutum biyu. Ta naɗe shi kamar igiyar guga ta ɗora a kujerar baya.

Ta iso zauren majalisar jami'a ana tsakiyar jawabi. Tebur ya sha farin ƙyalle, ga tutar Nijeriya ga ta Mali, ga mai ɗaukar hoto ya durƙusa. Zaninta jiƙe har gwiwa, takalmanta na barin sawu a kan kafet. Ta yi sallama kamar yadda aka koya mata, ta rusuna ta gaida shugaba, sannan ta warware shinkafar a kan teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, saiwar tana ɗigar da laka kusa da takardun.

Izzuddeen ya miƙe rabi ya koma ya zauna.

Maliki kuwa kamar an kunna shi. Ya saɓa hannayen babbar riga a kafaɗa, ya bi karan da yatsa gaɓa bayan gaɓa, ya tsaga shi da farce ya leƙa ciki, ya murza zangarniyar ya sansana.

"Wane wata ruwa ya hau mata?"

"Tsakiyar Agusta, Farfesa. Dare ɗaya ya kai ƙirji."

"Ba ta nutse ba?"

"Ga shaida nan. Dibi inda gaɓoɓin suka miƙe."

"Sauran fa? Duk haka suke?"

"Wasu sun fi ta. Suna can, tafiyar da ba ta kai a sha shayi ba."

Maliki ya juya wajen shugaba, ya roƙi arziki a ba shi ɗan lokaci ya je ya dawo. Shugaba ya yi murmushi ya dubi Izzuddeen. Izzuddeen ya yi bayani cikin ladabi cewa shugaba da kansa zai yi rakiya har Kamba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, daga can kuma Abuja ake jiransa. Motoci sun riga sun juya, Ambursa kuwa tana wancan gefen. Amma in Farfesa ya ga dama shugaba ya fasa rakiyar, ai sai ya faɗa.

Zuhura ta zuba wa Maliki ido. Kalma ɗaya ce, ya ce ya yafe rakiya. Ta ga bakinsa ya motsa. Ya dubi rigar da ke jikinsa, ya dubi mutumin da ya kwana a gidansa ya ci tuwonsa, ya sauke hannayen rigar a hankali. Aka matsar da saiwar gefe, aka goge laka, aka miƙa masa alƙalami. Yarjejeniyar fahimtar juna ce, shafi biyu, babu kalmar shinkafa a ciki. Ya sa hannu, aka yi tafi, mai hoto ya nemi a sake musabaha don na farko bai fita ba.

A bakin mota ya samu ya yi mata magana.

"Dakta, ba ni iya rubuta na ga gona. Tushe guda na gani a kan tebur."

"Na sani. Da ka rubuta da na rena ka."

"Kwamitinmu ƙarshen shekara zai zauna. Wurin da muka ware maki a rumbun sanyi, wani za a ba. Sai dai baɗi, in an buɗe."

"Bazara guda ke nan kuma, Farfesa. Ka san abin da bazara ke yi."

"Na sani." Ya dafa ƙofar motar. "Kada ki ga laifinsu su kaɗai. A garinmu ma wanda aka tufatar ba ya cewa a'a. Da ku kuka zo, haka za mu yi maku."

"Shi ya sa ba mu da komi sai kirki," in ji ta.

Jiniya ta tashi. Ba ta bi rakiyar ba.

Da la'asar Izzuddeen ya aika a kira ta. Ta shiga da shirin faɗa, ta same shi fuska sake, yana shan lemo.

"Ƙanwata, abin da kika yi ɗazu bai kyautu ba, amma na roƙa maki shugaba, ya ce ƙuruciya ta. A bar wannan. Manufa ta biyu ta samu, kuma ke ce sila. Ki rubuto muna 'yan layuka na rahoto, ki sa an kai ziyarar gani da ido."

"Ido ya ga mi, ranka ya daɗe?"

"Ya ga jami'a mana."

"To mi muka ƙulla da su?"

"Hulɗa."

"Ta mi?"

"Ta fahimtar juna. Ba ki karanta ba?"

Ta dube shi tana neman alamar ba'a, ba ta samu ba. Da gaske yake, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Ta ce masa ita abin da ya faru za ta rubuta. Ya ce ba komai, ta rubuto, akwai masu gyara.

Daga ofis ɗin Ambursa ta koma. Ta samu Malam Hodi a ƙofar gida yana gyaran taru. Ta gaya masa baƙo ya tafi bai gani ba, ta roƙe shi in lokacin yanka ya yi a ware kowane iri dabam kamar yadda aka saba, sannan ya sake ara mata gonar baɗi. Tsohon ya ci gaba da gyaran tarunsa.

"Ɗiyata, yaran gidan ga sun haɗa kai sun sawo injin ban ruwa, sabon iri suke son shukawa a gonar. Bana ma da ƙyar na hana su, na ce masu baƙo za ya zo daga nesa." Ya ja zare ya ɗaure. "Kusurwar can ta wajen zurfi, inda injin ba shi da amfani, ita kam taki ta. Amma ba ta ɗaukar rabin abin da kika shuka."

Zuhura ta zauna a kan turmin da ke kife a gefe.

"Sauran fa, Baba?"

"Sai ki zaɓa," in ji shi. "Ke kika san su."